Bahagon Papi da Kujerar Roba

Jama'a, kafin wani ya buɗe baki ya ce Yokasta ba ta da tausayi, ku bari in ɗauko muku zancen daga tushe, don na san halinku, ba ku jin ƙarshen magana kuke yanke hukunci. Ni ce dai Yokasta Peguero ta layin bayan kasuwa a Baní, autar Don Fermín da Doña Nurys mai gyaran gashi. Shekaruna ashirin da tara, kuma idan kun manta Mami za ta tuna muku, don har mai kawo mana ruwan jarka ta gaya wa.

A barandar gidanmu akwai kujeru masu lilo guda huɗu na katakon maɗaci, gadon kakana. Ɗaya ta Papi, ɗaya ta Mami, ɗaya tawa, ta huɗun kuma ta Tío Radhamés ce, ƙanin Mami, wanda ba a gidanmu yake kwana ba amma a nan cikinsa yake zaune. Can bakin ƙofar ƙarfe kuma, inda rana take dukan ƙeya, akwai wata farar kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Wannan ta masu zuwa zance ce. Duk wanda ya zo neman 'yar gidan nan a kanta zai yi ta zama, har ranar da Papi ya ga dama ya ce wa Tío, “Tashi ka ba baƙo wuri.” Sai ya hau mai lilo sannan yake da bakin turo mahaifiyarsa a yi maganar aure. Mijin yayata Belkis wata takwas ya yi a kan robar nan. Eladio nawa kuwa ya shiga shekara ta biyu, har kujerar ta ɗauki siffar mazaunansa.

Eladio Pimentel ɗan garin Paya ne, masu dafa alewar madara suna sayar wa matafiya a bakin titi. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum ƙanshin kirfa yake yi kamar tukunya. Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, shi ya sa Mami ta riga ta ba shi ni tun a zuciyarta.

“Fermín, yaron nan fa zai yi saiwa a kujerar can,” in ji ta, kanta cike da robobin naɗe gashi. “Mamansa Doña Chela ta aiko min saƙo jiya, wai ita ɗanta ba maigadi ba ne. Kuma na ji an ce akwai wata 'yar malamar makaranta da ke yawan zuwa sayen alewa, alhali ciwon suga gare ta.”

Papi ya ci gaba da lilonsa. “Ban gama kallonsa ba.”

“Kallon me? Talabijin ne?”

Abin da Papi yake kallo a jikin namiji ɗaya ne tak, wato yadda yake riƙe masu jifansa. A nan dole in gaya muku zancen gasarmu.

Mu goma sha biyu ne a unguwa muke da gasar besbol ta intanet, wasan nan da wani ke jefo ƙwallo wani ya buga da gora, mun sa mata suna Gasar Gindin Mangwaro. Ba wanda ke riƙe gora, ba wanda ke gumi. Kowa yana da ƙungiyarsa a waya, kai ne koci, kai ne mai kulob. Ka zaɓi 'yan wasa, ka jera masu bugu, ka faɗi wanda zai yi jifa yau, sai na'ura ta buga wasan da tsakar rana ta kawo sakamako. 'Yan wasan ma ba mutane ba ne, na'urar ce ke ƙirƙiro su, da suna da shekaru da gari da komai. Amma ku zo ku ga magidanta masu furfura suna zagin uwar wanda ba a taɓa haifa ba. Papi ne shugaban gasa, ƙungiyarsa Jakunan Peravia, sunan lardinmu ke nan. Ta Tío ita ce Guduma. Tawa Kunamu, kuma ba yabon kai ba, kaka biyu a jere kofin yana ɗakina. Eladio ya shigo ne kawai don ya samu abin cewa da Papi, ya sa wa tasa suna Alewa, suka kuma yi ta narkewa a fili kamar sunansu.

Kowane mai jifa yana da ɗan layi a ƙarƙashin sunansa. Kore, ya huta. Ruwan ɗorawa, ya gaji. Ja, kai ne ka san abin da kake nema. Ƙa'ida ita ce masu jifa biyar suna karɓa-karɓa, wanda ya yi yau sai ya huta kwana huɗu. Papi kuwa ko layin ya ɗan dusashe ne sai ya ƙara wa yaro kwana, shi ya sa bai taɓa ɗaukar kofi ba.

Ba ma yi masa dariya a kan wannan. Yana ɗan shekara goma sha tara Papi bahagon mai jifa ne da ake tasowa daga babban birni a zo kallo. Kocin ƙungiyar gari ya sa shi jifa wasa biyu a Lahadi ɗaya, ya sake sa shi ranar Laraba saboda ana son kofi. A wannan wasan gwiwar hannunsa ta ce ƙas, shi kansa ya ji ƙarar. Daga ranar hannun bai sake miƙewa ba. Da hannun dama yake shan kofi, da dama yake taje kai, na hagun kuwa yana lanƙwashe a jikinsa kullum, ba ya ɗaga shi ya wuce ƙirji. Albasa ya yi ta dako a babbar mota har ya aurar da Belkis. Tun ina ƙarama ni ke shafa masa man zafi a gwiwar idan hadari ya haɗu.

To, sai na ce bari in taimaki saurayina. Ana sauran mako guda ranar zaɓen sababbin 'yan wasa na fara ba shi karatu ta waya, tsakanin wanke kan wannan da busar da kan waccan a shagon Mami.

Ya rubuto: “Na ga wani mai bugu, ƙarfinsa ya kai maƙura. Duk ƙwallon da ya taɓa sai bayan katanga.”

Na mayar: “Kai ma ka zama Tío? Masu bugu sun fi sauro yawa a gasar nan. Ko a zagaye na shida za ka tsinci mai bugu. Mai jifa na kirki kuwa ba su fi yatsun hannu ba, kafin ka juya an kwashe.”

“To in ɗauki wanda ya fi kowa ƙarfin jifa?”

“Wayyo ni Yokasta. Ƙarfi ba saiti ai haukan banza ne, sai ya yi ta ba mutane hanya kyauta suna cika fili. Ka fara duba saiti, sannan juriya, sannan shekaru. Ƙarfi na zuwa daga baya, saiti kuwa ba a koya wa tsoho. Masu jifa uku za ka fara ɗauka kafin ka kalli mai gora ko ɗaya.”

“Na ji, koci. Sai me?”

“In ka samu bahago matashi mai saiti, ka rungume shi. Rabin manyan masu bugun gasar nan bahagwai ne, jifan bahago yana rikita su. Zinariya ce.”

“Ke ce zinariyata.”

“Ka bar zancen banza, ka je ka duba tukunyarka kar ta kama.”

Kun ga abin da na rubuta da yatsana, ko? Abu ɗaya ne ban gaya masa ba, kuma ba ɓoyewa na yi ba, bai ma zo min a rai ba. A Gasar Gindin Mangwaro ba a taɓa bahagon Don Fermín. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Kowace kaka, matashin bahagon da ya fi kyau a cikin sababbi na Papi ne, ko da shi ne zai yi zaɓe na goma sai kowa ya tsallake yaron kamar bai gan shi ba. Ni da nake zaɓe a ƙarshe saboda ni ce mai kofi, abin bai taɓa shafata ba. Eladio kuwa daga bakin ƙofa ina zai ji irin wannan?

A bana kuma na'ura ta fito da wani Cándido Brea. Bahago, ɗan shekara goma sha tara, jifansa mai lanƙwasa ne, saitinsa kamar mai zare allura. Gari kuma, ku ji tsautsayi, ta rubuta Baní. Mako biyu Papi yana buɗe hoton yaron yana rufewa, yana murmushi shi kaɗai. Har Mami ta tambaye shi ko wata ce.

Ranar Lahadin zaɓe Mami ta ɗora farfesun sancocho tun da safe, nama kala-kala da rogo da ayaba, ga farar shinkafa da fiya a gefe. Na sa doguwar rigata ruwan goro mai buɗaɗɗiyar kafaɗa, na sake gashin da na kwana da shi a naɗe, na sa 'yan kunnen Belkis da ban da niyyar mayarwa. Don Mami ta raɗa min cewa ta shawo kan Papi, in an tashi lafiya yau za a tayar da Tío. Eladio ya zo da farar riga mai aljihu huɗu an goge ta har tana ƙyalli, da kwalin alewa mai kwakwa. Papi kuwa ya fito da tsohuwar rigarsa ta wasa, wadda maɓallan cikinta suke neman agaji.

Aka jawo talabijin baranda, Tío ya haɗa shi da waya, mutane suka cika har kan dakali. Na ƙarshe a kakar bara shi ke fara zaɓe. Na farko ya ɗauki mai bugu, na biyu ma haka. Na uku Eladio, na huɗu Papi.

Na ga Eladio ya gyara zama a robarsa, ya kalle ni, ya kashe min ido. A raina na ce, yawwa ɗan gari, ga wani mai jifa da hannun dama ɗan garin San Juan, shi za ka ɗauka. Sai kawai talabijin ya yi ƙara, rubutu ya fito ɓaro-ɓaro: Alewa sun ɗauki Cándido Brea.

Ludayin Mami ya faɗi cikin tukunya. Tío ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji kamar an wuce da gawa. Wani a kan dakali ya ce, “Uwar Yesu!” Shi kuwa bawan Allah sai washe baki yake yi, ya juya wajen Papi da alfahari.

“Don Fermín, saiti kafin ƙarfi. Bahago matashi zinariya ne. Na yi daidai ko?”

Kujerar Papi ta tsaya cak. “Wa ya koya maka?”

Na shiga zare wa Eladio ido ina girgiza kai. Ya ce, “Yokasta ce, ranka ya daɗe.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige da 'yan kunnen Belkis da komai. Tío ya matsa ya raɗa masa abin da ya aikata, raɗar Tío kuwa har layi na gaba ana ji. Na ga fuskar Eladio ta koma kalar alewarsa.

“Don Fermín, ban sani ba, na rantse. Ku ɗauke shi. Kyauta ma, ba sai kun ba ni kowa ba.”

“Ba a musayar sabon ɗan wasa sai ya cika kaka,” in ji Papi. “Ni na kafa dokar, saboda wani ɓarawo da ke zaune a nan.”

Tío ya ce, “Yaya Fermín, wannan tsohon zance ne.”

Papi ya danna wayarsa ya ɗauki mai hannun daman San Juan ba tare da ya kalle shi ba. Sannan ya dubi Eladio tun daga takalmi har gashi.

“Ka ɗauke min yaro. Yanzu kuma yarinya kake so. To bari in ga yadda za ka riƙe ɗaya tukuna.”

Ranar Tío bai tashi ba, kwano uku ma ya ci a kan kujerarsa. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka na gaske, don ina son mutumin nan, kuma ni na haƙa masa ramin da hannuna.

Kakarmu wata uku take yi, wasa ɗaya kowace rana. Wata ukun nan Papi bai duba sakamakon kowa kafin na Alewa ba. Jifa nawa Cándido ya yi? An cire shi da ya kai ɗari, ko an bar shi? Kwana nawa ya huta? Eladio ya riƙe yaron nan kamar ƙwai, har ya rame. Yaron kuwa ya zama bala'i, shi kaɗai ya ɗauko Alewa daga ƙasan tebur ya kawo su tsakiya. Papi kuma haushi ya sa ya zauna ya yi aiki, sai ga Jakuna a saman tebur karon farko a tarihi. Ni ce abin ya ɗan juya wa baya, manyan masu buguna biyu suka tsufa a lokaci ɗaya. Wanda ya riƙe ni shi ne Ulises Matos, babban mai jifana, ƙato mai hannun dama da na raina tun yana ɗan sha takwas, shi ya ɗauko min kofunan nan biyu.

Aka zo wasan ƙarshe na kaka, gurbi ɗaya ya rage a zagayen neman kofi. Ku canki su wa za su kara. Kunamu da Alewa, wanda ya ci ya wuce, wanda aka ci ya tafi gida. Kuma kwana biyu kafin wasan ne Matos da Cándido suka yi jifa, layinsu duka biyun ruwan ɗorawa.

Ranar Asabar da yamma ina tsefe wa wata mata kai sai saƙon Eladio ya shigo.

“Wa za ki sa gobe?”

“Tambayi kakarka.”

“Tío ɗinki ya zo har Paya. Wai in sa Cándido, ko a gajiye ya fi sauran nawa su huɗu a haɗe. Wai namiji ba ya barin mace ta fitar da shi a gaban unguwa.”

“Tío ya ci alewa nawa kafin ya faɗi haka?”

“Kwali ɗaya. Yoka, da gaske nake. Mamana ta ce in wannan watan ya wuce ba labari, ta cire hannunta. In na ajiye yaron, Pancho Lugo ne a layi.”

Sai da na ajiye matajin na yi dariya. Pancho Lugo shekararsa talatin da takwas, jifansa ko tattabara ba zai kora ba.

“Ka yi abin da ka ga ya dace,” na rubuta. “Amma ka sani ba zan ɗaga maka ƙafa ba.”

“Ban taɓa zaton za ki ɗaga ba. Shi ya sa nake son ki.”

Na daɗe ina kallon wayar, har matar ta ce ko in kira Mami ta ƙarasa mata. Sannan na buɗe tawa ƙungiyar. A layi wani yaro ne sabo mai rawar hannu. Ga Matos kuma, ruwan ɗorawa, amma Matos ne. Na ce a raina, idan Eladio ya bi zugar Tío ya sa Cándido, yaron nan nawa ba zai kai labari ba. Kuma ai ba ni ake wa jarrabawa ba, idon Papi yana kan Alewa. Kuma tsakani da Allah, Matos lissafi ne kawai a cikin na'ura, ba shi da uwa ba shi da gwiwar hannu. Wasa ɗaya ne. Na danna sunansa na koma kan matar mutane.

Lahadi bayan an taso daga coci baranda ta cika fiye da ranar zaɓe. Mami ta yi shinkafa da wake da soyayyar kaza, ta kunna kyandir a ɗaki ba ta gaya wa kowa dalili ba. Na sa jan wando da baƙar riga, kalar Kunamu, na ɗaure gashi sama, na hau kujerata ina lilo kamar mai gidan. Eladio na bakin ƙofa da hankici a wuya. Ba a ganin wanda kowa ya sa sai na'ura ta fara, don haka kowa ya zuba wa talabijin ido. Tío ya riƙe cokali a baki kamar mai sharhi a rediyo.

“Jama'a, ga shi nan ya fito! Mai jifan Alewa... Pancho Lugo! Kai! An tono kaka daga kabari!”

Baranda ta kwashe da dariya, har da masu buga ƙafa. Eladio ya sunkuyar da kai. Na saci kallon Papi, na ga gefen gashin bakinsa ya ɗan motsa. Zuciyata ta yi fari tas, na ce shi ke nan, mun tsallake.

“Mai jifan Kunamu kuma...” Tío ya tsaya, ya matsa kusa da talabijin. “Matos? Ba shekaranjiya ya yi ba?”

Dariyar ta mutu. Ga sunan, ga layin ruwan ɗorawa a ƙarƙashinsa, ƙato, kowa na gani. Ban san talabijin ɗinmu yana da haske haka ba sai ranar. Papi bai kalle ni ba, kujerarsa ce kawai ta daina motsi.

Zagaye na farko Matos ya fitar da masu bugu uku a jere. Na biyu ma haka. Mutanena kuwa suka sa Pancho a gaba kamar gangar biki, kafin a ce me mun ci biyar. Na fara cewa a raina, kun gani ko, ba abin da zai faru. A zagaye na uku, bayan jifa na biyu, sai rubutun ya tsaya. Wani jan layi ya fito. Tío da bakinsa ba ya rufuwa ya karanta a hankali, ba cokali.

“Matos ya riƙe gwiwar hannu. An fitar da shi. Jijiya ta tsinke.”

Abin da na gani shi ne hannun daman Papi ya tafi a hankali ya kama gwiwar hagunsa, yana murzawa, idonsa a kan talabijin amma ba shi yake kallo ba. Na san wannan murzawar, ta ranar hadari ce, alhali rana ake ƙwalawa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Na ci wasan fa, don Allah ku riƙe wannan. Tara da huɗu. Kunamu sun wuce, Alewa sun tafi gida da Cándido lafiyayye yana zaune a benci. Ba wanda ya tafa min, ko Tío.

Papi ya miƙe. Tío ya fara tattara kwanonsa yana shirin tashi, don ya san abin da ke tafe.

“Zauna, Radhamés,” in ji Papi. Ya juyo gare ni. “Yokasta, tashi.”

“Papi?”

“Tashi ki ba baƙo wuri.”

Na tashi. Da hannunsa ɗaya ya ja kujerata, ta kakana, wadda nake hawa tun ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ya kai ta gaban Eladio.

“Zauna, ɗana. Ka san za a ci ka, ka san unguwa za ta yi maka dariya, ka bar yaro ya huta. Ka ce wa Doña Chela muna jiran ta Lahadi mai zuwa.”

Mami ta saki guɗa har robar gashi ɗaya ta faɗo. Eladio ya zauna a ɗarare, kujerar ta yi baya da shi ya kusa kifewa, idonsa ya cika da hawaye. Papi kuwa ya sa ƙafa ya turo min farar robar, da ɗumin Eladio a jikinta.

“Fermín, sai mu sa rana!” in ji Mami. “Disamba ya yi?”

“Ranar da hannun Matos ya warke.”

Tío ya leƙa talabijin. “Na'ura ta ce kaka biyu, Yaya.”

“To kaka biyu.”

Na zauna a bakin ƙofa, rana tana dukan ƙeyata, wayar da aka ɗaure ƙafar kujerar tana cizon jan wandona. Ashe haka wurin nan yake, ko maganar mutane ba a ji sosai. Sai wayata ta yi ƙara. Na ɗauka Eladio ne, ashe na'ura ce. Wai Matos zai tare gurbi a ƙungiya ba ya aiki, in na sallame shi yanzu za a ba ni damar ɗaukar wani mai jifa lafiyayye kafin zagayen kofi. Ga maɓalli biyu, a sallama ko a riƙe.

Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na duba wanda za a ba ni. Saitinsa ba laifi. Babban yatsana ya yi shawagi a kan wayar nan fiye da yadda ya kamata a ce 'yar Don Fermín ta yi. Kofi na uku a jere fa, ba wanda ya taɓa yi a Gindin Mangwaro. Sai na ɗaga kai na ga Papi har yanzu yana murza gwiwarsa, yana sauraron Eladio yana ba shi labarin yadda ake gane madara ta nuna.

Na danna a riƙe. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalbar man zafi, na zo na durƙusa a gefen kujerarsa, na ɗora masa wayar a cinya don ya gani da idonsa.

“A sa min albarka, Papi.”

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan na ji abu ya sauka a kaina, mai nauyi. Hannun hagun ne. Ban san lokacin da ya ɗaga shi ba, na dai ji numfashinsa ya canja don zafi.

“Allah ya yi miki albarka,” in ji shi. “Shi ma kocin nan nawa cewa ya yi wasa ɗaya ne.”

Na shafa masa man ina sharar hanci, kwalliyata duk ta dame. Da na gama na miƙe na nufi wajen kujerata, ina zaton an yafe, Eladio ma har ya yunƙura zai tashi. Papi ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi, ya nuna min bakin ƙofa da leɓe.

Daga kan robar nake rubuto muku wannan, angon gobe yana can yana lilo a inuwa da kofin lemo a hannu, har ya iya. Yanzu Tío ya karanto jadawalin zagayen kofi da ƙarfi don in ji daga nan. Wasan farko gobe da tsakar rana, Kunamu da Jakunan Peravia. Na buɗe ƙungiyar Papi na duba masu jifansa biyar, duk layinsu kore shar.